T.R.O.Y. ta Pete Rock da C.L. Smooth: busar ce ta ɗauki waƙar ko baitocin?

Kalangu808:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga magana ina so masana su warware. "They Reminisce Over You", wadda aka fi sani da T.R.O.Y., ta Pete Rock da C.L. Smooth, 1992. Kowa na sa ta a sahun gaba na waƙoƙin makoki a hip-hop. Ni a ganina Pete Rock ne ya yi aikin, C.L. hawa kawai ya yi. An ce don Trouble T Roy aka yi ta, amma ku saurara da kyau: baiti na 1 a kan uwarsa, na 2 a kan tsohon da ya rene shi, sai a na 3 Troy ya samu 'yan layuka, nan ma kafin ka ankara an koma kan kaka da kawunnai da inna. A cire busar saksofon ɗin nan, me ya rage?

Baba_Garmaho:
Wa alaikumus salam. Kafin gardama ta yi zafi bari a fara da asali, don akwai yara a zauren nan da ba a haifa ba lokacin. Troy Dixon, wato Trouble T Roy, ɗan rawa ne a ƙungiyar Heavy D & the Boyz. A watan Yulin 1990 suna rangadi, bayan an tashi daga wasa a Indianapolis ya faɗo daga wuri mai tsayi, ya rasu yana ɗan shekara 22. Heavy D dangin Pete Rock ne na jini, kuma a Mount Vernon suka tashi, can arewa da Bronx kaɗan, saboda haka rashin na cikin gida ne. Heavy D ya sadaukar masa da kundinsa na 1991, Peaceful Journey. T.R.O.Y. ta fito a Afrilun 1992 ƙarƙashin kamfanin Elektra, kundin Mecca and the Soul Brother ya biyo baya a Yuni. Ta kai lamba 1 a jerin waƙoƙin rap na Billboard, amma a babban jerin Hot 100 a 58 ta tsaya. Masu sana'ar ne suka riƙe ta har ta kai inda take yau.

Malama_Adabi:
Kalangu, ban yarda ba ko kaɗan. Abin da ka kira kauce hanya shi ne ginin waƙar.

Marsiyya a wurinmu takan jero halayen mamaci, haƙurinsa, kyautarsa, iliminsa, a rufe da addu'a. Kai kana jiran irin wannan ne, da ba ka samu ba sai ka ce bai yi magana a kan Troy ba. Duba abin da ya faɗa game da shi, abu 2 ne kacal: farkon haɗuwarsu faɗa suka yi a titi, kuma Troy ne ya ga abin da ke tare da C.L. tun kafin sauran mutane su gani. Da da wannan ya buɗe waƙar, da magana ce mara nauyi, kowa yana da abokin da ya yarda da shi. Sai da ya kashe baiti 2 yana nuna maka yaron da uwarsa ta girme shi da shekara 18 kawai, ubansa ya yi watsi da shi, wani tsoho a dangi ya maye gurbin uban. A lokacin ne ka san abin da yarda take nufi ga irin wannan yaro. Sannan da ya gama da Troy ya zarce kai tsaye cikin sunayen kaka da kawunnai da inna ba tare da ya ja layi a tsakani ba. Ya shigar da aboki cikin zuri'a ke nan. Wane yabo ya wuce wannan?

Kalangu808:
Malama, fassara ce mai kyau, amma ke kika yi masa ita. Mai sauraro da ba ya jin Turanci yana jin waƙar nan ransa ya sosu. Me ya sosa shi in ba busar ba?

Injiniya_Jos:
Tambayarka ta farko, Kalangu, Pete Rock ya riga ya amsa ta a cikin kiɗan. Sa abin sauraro a kunne ka bi baitin farko. Da C.L. ya buɗe baki, busar janyewa take yi. Abin da ke ƙarƙashinsa ganguna ne, da bes da aka tace, da muryoyin nan masu shawagi can baya, sai ɓurɓushin busar jefi-jefi. Dalilin a fili yake ga duk mai miksin: saksofon da muryar namiji wuri ɗaya suke zama a sauti, daga wajen 200 Hz zuwa 3,000 ko 4,000. In ka bar su tare dole ɗaya ya danne ɗaya, ko kuma ka yi ta yankar busar da EQ, wato abin rage ko ƙara wani sashen sauti, har ta zama siririya mara daɗi. Shi sai ya raba musu lokaci. Busar ta samu gurbin amshi gaba ɗaya, babu mai rerawa a kanta sai 'yar maganar Pete, murya kuma ta samu baiti. Shi ya sa duk dawowarta kake jin ta sabuwa. Da tana kaɗawa minti 4 da wani abu ba tsayawa, da ta gundure ka tun a baiti na 2.

Wato mafi yawan tsawon waƙar, an riga an cire busar, kuma ba ta faɗi ba.

Faifai_Zariya:
Ga masu son sanin inda aka yanko ta: Tom Scott ne ya busa, a waƙar "Today", kundin The Honeysuckle Breeze na 1967, kamfanin Impulse!, tare da mawaƙan da ake kira The California Dreamers. Shekararsa 19 a lokacin. Waƙar ma ba tasa ba ce, ta Jefferson Airplane ce daga kundinsu Surrealistic Pillow na wannan shekarar, Marty Balin da Paul Kantner suka rubuta.

Ku nemo ta ku saurara, za ku sha mamaki. Layin busar da duniya ta haddace ba amshi ba ne a can. Yana wucewa ne cikin 'yan sakan a tsakiyar waƙa, kamar kowane layi da mabushi kan jefa ya wuce abinsa. Mutum dubu za su ji faifan nan ba wanda zai tsaya a wurin. Bes ɗin da muryoyin bayan ma daga faifan suke. Ɗan kiɗan da ke buɗe waƙar a kundi kuwa, kafin busar ta shigo, na wasu ne daban: The Beginning of the End, 'yan Bahamas, "When She Made Me Promise", 1971. Al'adar Pete ce ya saƙala irin waɗannan gajerun kiɗa a tsakanin waƙoƙi.

Zee_Tudunwada:
To ni tambayata, aikin Pete da C.L. ɗin nan ma za a kira shi haɗin gwiwa ne? Ai ƙungiya ɗaya ce. In ana maganar haɗin gwiwa na gaske a kawo "The Symphony" ta Marley Marl, 1988, mutum 4 a kan fiyanon Otis Redding: Masta Ace, Craig G, Kool G Rap, Big Daddy Kane.

Baba_Garmaho:
Zee, waccan gasa ce, kowa ya shigo ya nuna ƙarfinsa ya fita. Tana da daɗinta. Amma furodusa ɗaya da mawaƙi ɗaya su yi abin da kowannensu ba zai iya shi kaɗai ba, shi ma haɗin gwiwa ne, har ya fi wuya. Buɗe mata nata zaren, za mu zo.

SP_Kawo:
Bari in shigo da maganar inji, don ba za a fahimci zaɓin da Pete ya yi ba sai an san abin da ke gabansa. E-mu SP-1200, injin ɗaukar gutsuren sauti da haɗa kiɗa da Pete yake aiki da shi, ya fito 1987. Gaba ɗaya sakan 10 yake ɗauka, kuma an raba su gida 4, saboda haka gutsure ɗaya ba ya wuce sakan 2.5. Yana ɗauka a bit 12, 26.04 kHz. Faifan CD bit 16 ne, 44.1 kHz. A aikace duk abin da ya haura 13,000 Hz ba ya shiga, kuma matakan ƙarfin sauti 4,096 ne maimakon 65,536.

Yanzu yi lissafi. Waƙar tana tafiya a bugu 100 da 'yan kai a minti. A bugu 100 daidai, layi ɗaya mai bugu 4 sakan 2.4 ne. Kun gani, layi ɗaya tak ke shiga gida ɗaya, da ƙyar. Sautukan ganguna, wato kik da sineya da hayat, su ma suna buƙatar wuri a cikin sakan 10 ɗin nan. Shi ya sa furodusoshin zamanin suke da wata dabara: faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai a juya shi sau 45, a ɗauka da sauri, sannan a sauke shi a cikin injin. 45 a raba da 33 da sulusi ya ba ka 1.35, wato sakan 2.5 ya koma kusan 3.4, sakan 10 ya koma 13.5. Kuma saukewar nan ita ke haifar da ƙaiƙayin da ake ji a saman sautin, domin injin ba ya gyara tsakanin ɗigon sauti idan ya canza masa tsayi, maimaita wasu yake yi kai tsaye. Injiniyoyi aibi suke kiransa. Masu haɗa kiɗa kuma shi suke nema.

Injiniya_Jos:
SP_Kawo, duk daidai, sai dai kada yara su ɗauka komai a cikin SP yake. A shekarun nan Pete da takwarorinsa na New York sukan haɗa shi da Akai S950. Shi ma bit 12 ne, amma yana ɗaukar sauti mai tsawo kuma filtarsa ta fi biyayya: kana murɗa ta har inda kake so. A SP filta a manne take da mafita. Mafita 8 ne, ta 1 da ta 2 filtarsu na motsi, 3 zuwa 6 tsayayya ce, 7 da 8 babu. Aikin da aka saba shi ne ganguna a SP, dogayen gutsure da bes a S950, SP yana ba shi umarni ta MIDI, hanyar da injinan kiɗa ke magana da juna.

SP_Kawo:
Haka ne Oga. Ƙari ɗaya a kan dabarar 45 ɗin, don nan ne mutane ke faɗawa rami. Ninkin 1.35 bai yi daidai da rabin mataki 5 ba, 5.2 ne. SP kuma rabin mataki cikakke yake sauka, tazarar maɓalli ɗaya zuwa na kusa da shi a kibod. In ka sauke 5, gutsuren ya rage sama da asalinsa da wajen kashi 20 cikin 100 na rabin mataki. Kunne ba ya damuwa muddin komai daga faifai ɗaya yake. Amma ɗora kibod ko 808, wato bes ɗin inji, a kai, za ka ji suna cizon juna ka rasa dalili. Maganinsa ka gyara da sandar saurin na'urar juya faifai tun wajen ɗauka, ko ka karkatar da kibod ɗin ya bi gutsuren.

Umar_Damagaram:
Ku yi haƙuri in katse. Me ya kawo Makka a sunan kundin? Musulmi ne?

Faifai_Zariya:
Laƙabin C.L. ne, Mecca Don, Pete kuma shi ne Soul Brother. Kalmar ta yawaita a bakin mawaƙan New York na lokacin saboda tasirin ƙungiyar Five Percent da Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya bar Nation of Islam. Su suke kiran Harlem Makka, Brooklyn Madina. Aƙidarsu daban take da Musuluncin da ka sani, nesa ba kusa ba, kuma da yawa sun ari kalmomin ne kawai don su ne yaren unguwa.

Malama_Adabi:
Mu dawo kan baitocin, don maza sun tafi da zaren cikin inji.

Ta fuskar tsari, C.L. layi bibbiyu yake haɗawa, kamar 'yar tagwai a rubutacciyar waƙarmu, amsa-amon yana canzawa duk bayan layi 2. Amma kowane baiti da jimlar sunan waƙar yake rufewa. Wannan shi ne aikin da babban amsa-amo ke yi a waƙa mai ƙwar biyar: ciki ya yi ta sauyawa, ƙarshe ya dawo gida, mai sauraro ya san an kai gaɓa. Kuma daidai nan busar ke shigowa. Jimlar tana buɗe mata ƙofa ne. Duba ko wannan zai yiwu in ba mutum 2 ne suka saurari juna ba.

Na biyu, ba ya tsayawa inda layi ya tsaya. Sau da yawa jimlarsa tana tsallake ƙarshen layi ta faɗa cikin na gaba, kuma muryarsa ba ta hawa ba ta sauka sosai, yana ɗan jinkiri a bayan bugun. Shi ya sa yake kama da mai ba da labari a zaune. Da ya yi ihu ko ya sa muryar kuka, da busar ta yi yawa. Ita ke ɗauke da kukan, shi kuma ya riƙe fuska.

Na uku, baiti na 2 da Kalangu ya raina shi ne mafi gwaninta. Bai wanke tsohon ba. Ya nuna shi yana gyangyaɗi a kan kiɗan jaz har kansa na bugun bango a ɗakin kusa, yaron ya ɗauko matashi yana fargabar tada shi don ya san zagin da zai sha. Ga shi kuma yana tsoma baki a yadda C.L. zai rene nasa ɗan. Wannan mutum ne mai rai, ana ganinsa. Waƙar makoki da ta sa ka dariya a tsakiya ta fi wadda ta yi ta jero kirki ciwo.

Zee_Tudunwada:
Kuma kar a manta haruffan farko na kalmomin sunan waƙar su ne sunan Troy. Shi da kansa ya ce a baiti na 3 a ɗauko su.

Baba_Garmaho:
Akwai wanda ba a ambata ba: bakin Pete Rock. Duk tsawon waƙar yana baya yana amsa wa C.L., yana jefa kalma ɗaya ko biyu a inda ya ja numfashi. Aikin sanƙira ne a gaban makaɗi, cike gurbi da ƙara wa magana kwarjini. An sa muryar ƙasa da ta C.L. sosai don kada ta yi gasa da ita. Yaran yanzu suna kwaikwayo amma sai su ɗaga ta daidai da babbar murya, ka rasa wa za ka saurara.

A Greene Street da ke Manhattan aka yi aikin kundin. Pete ya faɗa a hira cewa ranar da ake miksin waƙar Charlie Brown na Leaders of the New School yana situdiyon, kuma kuka suka yi gaba ɗayansu.

Hafsy_Bits:
Yayyena, ni manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kawai gare ni. In ina son irin wannan bes ɗin da aka tace daga tsohuwar waƙa, ya ake yi? Nawa kullum laka yake zama.

Injiniya_Jos:
Ƙanwata, laka daga wuri 3 take zuwa, bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da zaɓin gutsure. Nemi wurin da mai bes yake tafiya amma mai ganga bai cika dukan kik ba. Filta ba ta san bes daban kik daban ba, duk abin da ke ƙasa za ta bar miki. In tsohon kik ɗin yana ciki, zai yi karo da naki, kuma ba a lokaci ɗaya za su sauka ba. Wannan shi ne rabin matsalar mutane.

Sai tacewar. Kwafi gutsuren gida 2. Na farko sa masa Parametric EQ 2, yanke sama da gangara mai tsauri, ki fara daga 250 Hz kina saukowa har muryoyi da busa su ɓace, yawanci tsakanin 150 da 200 za ki tsaya. In kin wuce ƙasa da 100, kin kashe layin, sai gurnani. Yanke ƙasa da 35 ko 40 Hz ma, don nan ƙugin faifai yake zama yana cinye miki wuri a banza. Mayar da shi mono. Kwafi na biyu ki yi masa akasin haka, ki cire duk abin da ke ƙasa da inda kika yanke na farkon, shi ne za ki riƙa shigo da shi a amshi kina fitar da shi a baiti. In kin bar ƙasan a duka biyun, duk lokacin da suka haɗu bes zai kumbura ko ya ɓace.

Na ƙarshe, lasifikar waya ba ta fitar da komai a ƙasa da wajen 200 Hz, kuma yawancin masu sauraronki a nan za su ji. Ɗan gasa bes ɗin kaɗan da Fruity Soft Clipper ko Blood Overdrive bayan filtar, don ya haifi 'ya'yan sauti a sama da waya za ta iya furtawa. Kaɗan fa. In kin ji shi yana zuza a abin sauraro, ya yi yawa.

SP_Kawo:
Hafsy, ƙara da wannan: wajen daidaita gutsure da saurin kiɗa, sa shi a Resample, kada ki bar shi a Stretch. Stretch yana riƙe tsayin sauti ya ja lokaci, kuma a kan bes yana sa shi rawar sanyi. Injinan da ake magana a kai sauri da tsayi tare suke tafiya.

Sannan gangunan. SP yana da saitin jinkirta kowane bugu na biyu, 50, 54, 58, 63, 67, 71. A bugu 100, rabin bugu milisakan 300 ne. A 50 an raba shi 150 da 150, tafiyar soja. A 54 ya zama 162 da 138. A 58, 174 da 126. Bambancin milisakan 12 zuwa 24 ne kawai amma shi ke sa wuya ya motsa. Inda ake lalata shi: a jinkirta ganguna sosai alhali gutsuren yana da tasa tafiyar ta mutanen da suka kaɗa da hannu a 1967. Daidaita gangunan da gutsuren, kada ki tilasta gutsuren bin layin kwamfuta.

Mai_808_Bauchi:
Ni dai ina sa filogin mai rage bit zuwa 12, shi ke nan na samu sautin SP. Duk wannan dogon Turanci ne.

SP_Kawo:
Ba ka samu ba, ɗan'uwa. Rage bit daga 16 zuwa 12 a kan sauti mai ƙarfi da wuya kunne ya kama, don hayaniyar da yake ƙarawa tana can ƙasa da wajen desibel 72. Abin da kake ji a tsofaffin faifan nan ƙaiƙayin saukar da tsayi ne da filtocin mafita, sai teburin situdiyo da tef da suka biyo baya. In kana so ka kusanta: ɗaga gutsuren rabin mataki 5, ka rage shi zuwa 26 kHz, sannan ka sauke shi da abin da ba ya gyara tsakani. Mai kuɗi kuma, Dave Rossum da ya ƙera na asali ya sake fitar da injin a 2021, da sakan 20.

Hafsy_Bits:
Na gode sosai. To ekon da ke bin busar fa?

Injiniya_Jos:
Raba 60,000 da yawan bugu a minti, ya ba ki bugu ɗaya a milisakan. A 100, 600 ke nan, rabinsa 300. Aika busar ta hanya daban zuwa Fruity Delay, maimaitawa 3 ko 4 ta mutu, ki yanke saman ekon don ya zauna a bayan asalin. Abin lura shi ne wutsiyar: bar ta ta zubo cikin layin farko na baiti bayan busar ta tsaya. Ita ke ɗinke amshi da baiti.

Barista_KD:
Tunda Hafsy za ta yanko waƙar mutane, a gaya mata sauran. Haƙƙi 2 ne a kan kowane gutsure: na rikodin ɗin kansa, da na waɗanda suka rubuta waƙar. A misalin nan, busar Tom Scott tana hannun masu rikodin Impulse!, waƙar kuma ta Balin da Kantner ce. T.R.O.Y. ta fito ne 'yan watanni bayan hukuncin Disambar 1991 a New York, inda alƙali Kevin Duffy ya kama Biz Markie da kamfanin Warner da laifin ɗaukar "Alone Again (Naturally)" ta Gilbert O'Sullivan ba izini, har aka janye kundin daga kasuwa. Daga nan kamfanoni suka daina wasa da neman izini. Yau kuma ba sai an je kotu ba, YouTube da kansa zai gane gutsuren ya karkatar da kuɗin. Kuma sa wani ya sake busa layin yana kawar da haƙƙi na farko ne kawai, na biyun yana nan.

Malama_Adabi:
Barista ya ba ni hujjar da nake nema. A 2012 Lupe Fiasco ya fitar da "Around My Way" a kan wannan kiɗan, an sake kaɗa shi. Pete Rock ya fusata a Twitter, ya ce bai kamata a taɓa waƙar ba. Lupe ba ƙaramin marubuci ba ne, kuma ya cika baitocinsa da siyasa da tarihi. Busa ɗaya, tafiya ɗaya. Kalangu, in busar ce komai, me ya sa ba waccan ake sawa ba in an yi rashi?

Kalangu808:
Don ba busa ɗaya ba ce, Malama. Sake kaɗawa aka yi, tsaf-tsaf, babu ƙurar faifai, babu ƙaiƙayin da SP_Kawo ya yi ta bayani. Hujjarki ni ta taimaka. Ga gwaji mai sauƙi: kiɗan T.R.O.Y. zalla ana sa shi a taro mutane su yi tsit. Wa ya taɓa sa muryar C.L. zalla?

Malama_Adabi:
Suna yin tsit ne don sun san abin da aka faɗa a kansa. Tom Scott ya busa layin nan tun 1967, shekara 25 yana kwance ba wanda ya kira shi kukan rashi.

Faifai_Zariya:
Wannan ta zauna, amma da gyara: a faifan Tom Scott layin sau ɗaya ya wuce, babu ganguna masu nauyi, babu eko, babu maimaitawa. Wanda ya ɗaga shi ya mayar da shi amshi Pete ne. Kafin C.L. ya ce uffan, an riga an canza masa ma'ana.

Baba_Garmaho:
Ku duba abin da ya biyo baya. Sun yi The Main Ingredient a 1994, suka rabu a 1995. Pete ya yi wa manya aiki, "The World Is Yours" ta Nas tasa ce, daga fiyanon Ahmad Jamal. Ya yi Soul Survivor a 1998 cike da baƙi. C.L. ya yi nasa kundin daga baya da wasu furodusoshi. In aka ce wa kowannensu ya kawo waƙa ɗaya, wacce ake tambaya?

Kalangu808:
Baba, Pete yana da wasu da za a tambaya bayan ita. C.L. fa? A nan nake tsaye.

Zee_Tudunwada:
"Straighten It Out" da "Lots of Lovin'" suna kundin nan, je ka saurari abin da C.L. ya yi a kansu kafin ka yanke masa hukunci.

Kalangu808:
Su ma ai kiɗan Pete ne, Zee.

Hafsy_Bits:
Oga Injiniya, na tace a 180 kamar yadda ka ce, lakar ta tafi, amma yanzu duk inda kik ya sauka bes ɗin nutsewa yake yi. Ban sa masa komai ba.

Injiniya_Jos:
Suna soke juna ne. Juya fuskar kik ɗin da maɓallin Reverse polarity ki saurara a mono. In bai gyaru ba, matsar da gutsuren gaba ko baya da milisakan 5 zuwa 10, ko ki canza kik zuwa gajere wanda ƙarfinsa ke wajen 60 Hz don ya bar wa bes daga 80 zuwa sama. Ɗora sakan 20 a nan mu ji, da busar da kuma ba busar.